Kwana Uku a Kano Muna Neman Saje

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da mahaifiyata, ranar Larabar da ta wuce. Waɗanda suka yi ta tambayar dalilin da ya sa na yi shiru kwana uku, ga abin da ya faru. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in sa sunansa. To, zan kira shi da sunan da kowa yake kiransa, wato Saje.

Saje yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana aikin soja, yawancinsu a dajin arewa maso gabas, har ya ajiye kaki bayan raunin da ya samu a ƙafa. Tun daga nan yake zaune a Kano da matarsa da 'ya'yansu biyu, yana gadin rana a wani shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari. Ranar Talata da yamma matarsa ta kira ni tana kuka, ta ce tun da ya fita aiki da safiyar Litinin bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe take. Na so in ɓoye wa Inna, amma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Kafin in ajiye waya ta fara ɗaure kaya. Na ce ta zauna a Zariya, ni zan je in gano. Ta dube ni ta ce, “Kai ka haife shi?” Nan maganar ta ƙare.

Mun samu ƙaramar mota a tasha, saura mutum biyu ta cika. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara, Inna kuwa duk da damuwar da take ciki sai da ta tsaya ciniki da ɗan kamasho, har ya rantse mata da iyayensa cewa ba shi ya ƙara wa man fetur kuɗi ba. Na saya mata gurbin gaba saboda gwiwarta. An yi ruwa da dare, titi ya wanku tas, gonaki kuma sun yi kore shar tun daga Tashar Yari. Hanyar ta gyaru sosai a wurare da yawa, sai dai inda ake karkatar da motoci su koma hannu ɗaya, nan ne direbanmu ke tuna Allah da ƙarfi. A Kwanar Ɗangora masu talla suka yanyame mu da dafaffiyar masara da gyaɗa. A Dakatsalle ko wutar gashin kaji ba a gama hurawa ba, amma wani fasinja a bayana ya dage sai an tsaya, ya ce matarsa ta yi masa kashedin kada ya shigo gida hannu biyu. Kowa ya yi dariya. Inna ba ta yi ba. Carbi ne a hannunta tun daga Zariya har muka wuce fadamun shinkafar Kura, idonta na kan titi, duk mutumin da muka gifta yana tafiya a ƙasa sai ta waiwaya ta dube shi.

Ƙarfe tara da wani abu muka sauka a Kano, muka hau a-daidaita-sahu zuwa Kwaciri, inda Saje yake haya. Wanda bai saba da Kano ba, hawan a-daidaita-sahu kaɗai ya ishe shi wa'azi. Direban ya kutsa tsakanin tirela da motar bulo, na rufe ido, da na buɗe sai na ga har yana amsa waya.

A gidan ne matar Yaya ta faɗa mana abin da ta daɗe tana rufewa. Ta ce tun da ya dawo daga daji barci ya ƙaurace masa. In ya samu ya runtsa, sai ya farka a firgice yana kiran sunayen wasu mutane da ba ta sani ba. In yara suka buga ƙofa da ƙarfi, jikinsa ya kama rawa. Ba ya zama ya juya wa ƙofa baya. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, yakan ɗan samu sauƙi sannan abin ya dawo. Sai ta sunkuyar da kai ta ce akwai wani abu kuma. Kusan shekara guda ke nan yana shan tabar wiwi. Ba a gida ba, ba a gaban yara ba, amma tana jin warin a rigarsa, kuma ranar da ya sha ne kawai yake samun barcin kirki.

Ni malamin firamare ne. Duk zangon karatu sai na tsaya a gaban ɗalibai na ja musu kunne a kan wiwi, kuma a majalisarmu ina cikin masu cewa duk wanda aka kama da ita a kulle shi kawai. Da na ji wannan magana sai na ji kunya ta rufe ni, sannan haushi, sannan na tuna ban ma san ko mutumin yana raye ba. Inna ta miƙe ta ce a kai ta wurin aikinsa.

Sabon Gari da hantsi wata duniya ce. Ƙarar janareto, masu tura baro suna ihun a ba su hanya, waƙar coci daga wani lasifika, karatun Alƙur'ani daga wani, mai sayar da ayaba kusa da mai sayar da fitilar mota. A layi ɗaya na ji harsuna huɗu, amma in ciniki ya yi zafi kowa Hausa yake komawa. Mai shagon da Yaya ke gadi wani Ibo ne mai furfura a gemu, haifaffen nan Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa karin Kano. Kowa Oga yake ce masa. Da ya ji ko su wane ne mu, ya fito da kansa ya share wa Inna kujera, ya rusuna ya gaishe ta.

Shi ya ba mu labarin ranar Litinin. Wajen azahar taransifoman layinsu ya yi bindiga, ƙara mai ƙarfi har gilashin wani shago ya tsage. Mutane suka watse, sannan suka dawo suna dariya. Saje kuwa ya kwanta rub da ciki a bayan tarin tayoyi yana daka wa mutane tsawa su kwanta. Da ya farga cewa ana kallonsa, sai ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, ya bar wayarsa a kan benci. Oga ya ciro wayar daga aljihun tebur ya miƙa mini, cajinta ya ƙare. Ya ce tun jiya ya baza mutanensa, shi ma ya je ofisoshin 'yan sanda biyu da ƙafarsa, babu mai irin sunan.

Ya ce mu bar masa ɓangaren hukuma, mu mu duba asibitoci. Na bar Inna a shagon, ba don ta so ba. Asibiti uku na shiga ranar. A na ukun wani ma'aikaci ya ce an kawo wani mutum da mota ta buge ranar Litinin da yamma, babu takarda a jikinsa, kuma bai yi rai ba. Ya tambaye ni ko zan iya dubawa. Daga bakin ƙofar ɗakin ajiye gawa zuwa inda aka kwantar da mutumin bai fi taku goma ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Aka yaye mayafin. Ba Yaya ba ne. Na yi wa bawan Allah addu'a, na fito na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya.

Ina nan zaune, bayan la'asar, Oga ya kira. Ya ce, “Malam, an gan shi. Yana da rai. Yana hannun masu kama 'yan ƙwaya.” Ban taɓa zaton akwai ranar da za a ce mini an kama ɗan'uwana da wiwi in ce alhamdulillahi ba. Na faɗa sau uku, da ƙarfi, har wata mai sayar da ruwan leda ta taya ni.

Da na koma shagon na tarar Oga ya sa an kawo wa Inna sakwara da miyar agushi daga wurin wata mata a layin. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Yanzu da hankali ya ɗan kwanta, sai ga ta tana binciken miyar da cokali tana tambayar wa ya yanka naman. Oga ya ce, “Mama, wurin mahautanku muke saye, ko ni ba na cin wanda ban san asalinsa ba.” Ta ci, ta ce yajin ya yi yawa, ta kuma cinye.

A nan na tambayi Oga abin da ke raina, me ya sa yake wannan wahala a kan mai gadi. Ya ce mahaifinsa ya yi yaƙin basasa yana saurayi. Ya dawo Kano bayan yaƙi ya buɗe shago, ya yi arziki daidai gwargwado, amma har ya mutu in aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gado. Giya ce ta zama maganinsa, ita ce kuma ta ci hantarsa. Oga ya ce, “Ranar da na fara ganin Saje ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, na san abin da ke damunsa. Na yi shiru, irin shirun da muka yi wa babana. Laifina ke nan.”

Sai ya kawo wata magana. Ya ce ya ji cewa a wasu ƙasashen waje ana ta muhawara a kan a bar tsofaffin sojoji masu irin wannan ciwo su riƙe wiwi kaɗan, da takardar likita, ba tare da an kama su ba. Shi a ganinsa ya kamata a yi haka a nan. Mutumin da ya ba ƙasa ƙafarsa da barcinsa, bai kamata ƙasar ta sa masa ankwa saboda ƙulli ɗaya ba. Inna ta ajiye kofin ruwa ta ce, “Wiwi da takarda? To, ɗan nan, in an rubuta mata takarda sai ta daina sa maye?” Oga ya yi dariya ya ce a'a. Ta ce, “Ni dai a ba ni ɗana.” Ni kuwa a ranar ban san ɓangaren da nake ba.

Washegari Alhamis da safe muka je ofishin masu kama 'yan ƙwayar, ni da Inna da Oga. Wani jami'i dattijo ne ya karɓe mu. Ya ce samame suka kai wani lungu ranar Litinin da yamma, suka kwashe duk wanda suka tarar. Ƙulli ɗaya aka samu a aljihun Saje, kuma kowa a lungun ya shaida ba ya sayarwa. Abin da ya sa ba a same shi a rajista ba, kwana biyu cur ya ƙi faɗin sunansa. Duk tambayar da aka yi masa, muƙaminsa da lambarsa ta soja kawai yake maimaitawa, kamar wanda abokan gaba suka kama. Jami'in ya ce, “Doka ba ta ware soja daga farar hula ba, Malam, ni kuma aikinta nake yi. Amma na daɗe a aikin nan, na san mai laifi, na san marar lafiya.” Ya ce za su sallame shi a hannunmu bisa sharaɗi ɗaya, mu sa hannu cewa za mu kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, mu kuma dawo da katin asibiti su gani.

Aka fito da shi. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, yana ɗingishi fiye da yadda na san shi. Da ya hango Inna sai ya tsaya cak, ya juya fuskarsa bango. Namiji mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda ya kwana cikin ruwan harsashi, ya kasa haɗa ido da tsohuwa mai sanda. Ita ta taka ta same shi. Ta kama kunnensa kamar yadda take yi mana muna yara, amma ba ta ja ba. Ta ce, “Ka ci abinci?” Ya girgiza kai. Ta ce, “To mu je.”

A cikin a-daidaita-sahu, muna ratsa Fagge, ya yi mini magana a hankali ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, “Na san abin da kake koya wa yara, kuma gaskiya kake koya musu. Ba don daɗi nake sha ba. Mu takwas ne a motarmu a daji, ni kaɗai na fito da rai. In na rufe ido suna nan zaune, kowa a wurinsa. In na sha sai su ɗan matsa, in samu awa uku.” Na dafa gwiwarsa, muka ci gaba da kallon 'yan dako suna sauke dilolin atamfa a bakin kasuwar Kwari.

Ranar Juma'a da sassafe muka kai shi asibiti. Layin ya yi tsawo, kuma abin da ya ba ni mamaki, mutanen da ke kan benci mutane ne kamar ni da ku: wata mai goyo, wani da jakar ofis, wani dattijo da jarida. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta gana da shi shi kaɗai kusan awa ɗaya, sannan ta kira ni da matarsa. Ta ce ciwon sananne ne, yana da suna a likitance, yana kama soja, yana kama wanda ya tsira daga hatsarin mota ko hannun 'yan bindiga. Jikin mutum ya dawo gida, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta yarda cewa hatsarin ya wuce ba. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kuma ana samun sauƙi da magani da zama a yi ta magana a kai, sai dai yana ɗaukar lokaci.

Na kasa haƙuri, na yi mata tambayar Oga. Ta yi murmushi ta ce ba ni ne na farko ba. Ta ce ita ba za ta yaudare ni ba: akwai waɗanda ke cewa tana sa su barci, kuma ba ƙarya suke yi ba, amma ta ga waɗanda ta ƙara wa tsoro da zargin mutane, ta ga waɗanda ta birkita gaba ɗaya, kuma wadda ake sayarwa a lungu ba wanda ya san me aka gauraya mata. Ko likitocin duniya ba su gama yarda da juna a kai ba. “Batun halattawa na masu yin doka ne,” in ji ta. “Abin da na sani, da an kulle shi shekara guda, da ciwon zai shiga da shi, ya fito da shi ya ƙaru.” Ta ba shi magani, ta sa masa ranar dawowa, ta kuma ce kada ya yi mata ƙarya in ya sake sha, ya faɗa mata kawai. Yaya ya ce ya yi alkawari. Na san shi, ba ya faɗin wannan kalma da wasa.

Daga nan muka biya ofishin muka nuna kati, sannan ni da shi muka yi sallar Juma'a a Fagge. Ya zaɓi sahun ƙarshe, kusa da hanya, na tsaya a gefensa. Bayan an sallame muka sayi gurasa bandashe, mai ƙuli da albasa da yaji, muka ci a tsaye kamar 'yan makaranta. Gurasar Kano ta fi ta Zariya, wannan na yarda, ko da mutanen garinmu za su yi fushi. Muka leƙa Sabon Gari yi wa Oga godiya. Ya ce kujerar Saje na nan tana jiransa, duk ranar asibiti kuma ba sai ya nemi izini ba. Inna ta sa masa albarka doguwa, irin wadda ko ni ban cika samu ba, shi kuma yana ta amsawa da amin.

Wajen ƙarfe uku muka bar Kano. Wannan karon Inna ce ta sa aka tsaya a Dakatsalle, ta kuma yi barci tun daga Kwanar Ɗangora har Zariya, bakinta a ɗan buɗe. Ni kuwa tunani na yi ta yi. Ranar Litinin zan koma aji, kuma zan ci gaba da ja wa ɗalibaina kunne a kan wiwi, ban canza ba a nan. Ko ya kamata a halatta wa irin su Yaya riƙe ta da takardar likita, har yanzu ban yanke ba, na ji hujjar Oga, na ji ta likita, kowacce da nauyinta. Amma maganar da nake yi a majalisa cewa a kulle kowa, na bar ta a Kano. Da yayana ya faɗa hannun wanda ke tunani irin nawa na da, da yanzu yana gidan yari yana maimaita lambarsa. Kuma na gane cewa tun kafin a kai ga muhawarar doka, akwai abin da ya fi ta sauƙi da muka kasa: shekaru yana cikinmu, muna ce masa jarumi, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana samun barci.

Ana kiran magariba muka shiga layinmu. Tun a mota na shirya abin da zan faɗa wa maƙwabta, cewa mun je dubiya ne, zazzaɓi ya kwantar da shi. Matan layi suka fito yi mana sannu da zuwa, wata ta tambayi lafiyar Saje. Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni.

Ta ce, “Ba shi da lafiya. Ciwon yaƙi ne ya biyo shi gida, har ya kai shi ga shan abin da bai kamata ba. Yanzu yana ganin likita. Ku sa shi a addu'a.”

Sai wata tsohuwa daga baya, wadda ɗanta ma soja ne, ta matso kusa da Inna ta rage murya ta ce, “Wane asibiti ne?”